Al'ada ce ke juya ma'aikatan kamfanonin China, ko doka da hukuma?

Nafisa: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan yadda kamfanonin China ke ɗaukar ma'aikata da biyansu da yi musu ƙarin girma. Mai duba aikina ya ce in ɗora komai a kan koyarwar Confucius, malamin falsafar China na zamanin da: biyayya ga na gaba, gudun zubar wa mutum mutunci, da sanayyar da suke kira guanxi. Wai duk wanda ya gane waɗannan ya gama gane kamfanin China. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Dokta Kabiru: Wa alaikumus salam. Malaminki na da hujja, Nafisa. Ma'aunin Hofstede na bambancin al'adun ƙasashe, wanda kowa ke ɗauka, daga ma'aikatan kamfanin IBM aka samo shi tsakanin 1967 da 1973, kuma babu babban yankin China a ciki. Da masani Michael Bond a Hong Kong ya sa masana 'yan China suka tsara tambayoyin da kansu, sakamakon 1987 ya fito da abin da tambayoyin Turawa suka tsallake: juriya, tattali, hangen nesa. Masana Farh da Cheng kuma a 2000 suka bayyana shugaba mai halin uba, wanda ya haɗa iko da jin ƙai da nagarta. Ba za ki ga wannan da awon Amurka ba.

Barista Habu: Dokta, da girmanka, ban yarda ba. Confucius ya kusa shekara 2,500 da rasuwa. To me ya sa kakan ma'aikacin yau ya yi aiki a masana'antar gwamnati da ta ba shi gida da asibiti, har izinin aure sai ta sa hannu, kuma ba a korarsa har ya yi ritaya, amma a ƙarshen shekarun 1990 aka sallami miliyoyi daga irin waɗannan masana'antu? Al'adar ce ta sauya? Tsarin gyaran tattalin arziki na jagoran China Deng Xiaoping na 1978 ne ya kai ga haka. Ga wani: dokar kwantiragin aiki da ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 2008 ta ce wanda ya shekara goma a jere a kamfani ya cancanci kwantiragi marar wa'adi. Kafin ranar ta zo, Huawei ya nemi ma'aikata kusan 7,000 da suka haura shekara takwas su ajiye aiki, ya biya su diyya, su sake nema. Wannan lissafin lauyoyi ne, babu uba babu ɗa a ciki.

Dokta Kabiru: To ai doka ta ƙayyade aikin ƙarin lokaci kada ya wuce awa 36 a wata, amma tsarin aikin 996 ya yi ta gudana, tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. Jack Ma, attajirin da ya kafa Alibaba, a 2019 har albarka ya kira shi. Me ke hana yaro tashi kafin maigida ya tashi in ba tarbiyya ba?

Barista Habu: Kuɗin haya da rashin ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta. Guda ɗaya ce a ƙasar, tana ƙarƙashin jam'iyyar Kwaminis mai mulki. Kuma masu biyayyar nan su ne suka buɗe shafin ƙorafi a GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, a 2019, kotun ƙoli ta ce 996 ya saɓa doka a 2021. Su ne suka tsayar da masana'antar Honda a Foshan a 2010 har aka ƙara albashi.

Hajiya Rabi: Ku malamai kuna ta Huawei. Ni mai saro kaya ce a Guangzhou. Akwai wata unguwar teloli, Kangle, bayan hutun sabuwar shekararsu masu shaguna ne ke jeruwa bakin titi, kowa riƙe da samfurin riga da kwali an rubuta kuɗin ɗinki. Tela ya zo ya juya rigar, ya duba wuya da hannu, in farashin bai yi masa ba ya wuce. Yawancinsu 'yan lardin Hubei ne, ɗan gari ke jawo ɗan gari. Sanayya kam akwai, amma ranar da wani ya ƙara ko yaya ne, sai dai ka ga keken ɗinki babu kowa.

Barista Habu: Hajiya ta kawo hukou ke nan, rajistar mazauni ta 1958. Wanda takardarsa ke ƙauye yana shan wahala kafin ya sa ɗansa a makarantar gwamnati a birni, don me zai ɗaure kansa da kamfani?

Dokta Kabiru: Amma kun ji ta ce ɗan gari ke jawo ɗan gari. Ban janye ba. Abu ɗaya zan ja miki kunne, 'yata: in kika bi ta ofishin kula da ma'aikata wajen raba takardun tambayoyi, kowa zai cike cewa ya gamsu, don ya san hannun da zai karɓa.

Nafisa: Na gode, Dokta. Kamfanin gwamnati daban, Huawei daban, shagon Kangle daban, dole in zaɓi ɗaya kafin in koma wurin malamina. Hajiya, yaushe za ki koma? Ko akwai tafinta da kika amince da shi?

Hajiya Rabi: Bayan Sallah in Allah ya yarda. Biyo ni ta gefe.