Peron na Ajantina: Ɗan Gurguzu ne ko Almajirin Musolini?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Na kawo batun Janar Juan Peron, wanda aka zaɓa shugaban Ajantina a 1946, kuma ina roƙon a amsa mini da baiti.

Na bi jawaban Peron ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa,
Na ji "marasa riga" ne kullum yake ta yabawa,
Talakawan da masu gonaki suka bari cikin yunwa.
A 1948 ya saye layin dogo daga hannun Turawa,
Abin da Ingila ke tatsa ya koma mallakar kowa.
Mai irin wannan harshe, a ganina babu musantawa,
Gurguzu ne a ransa, ko da bai so faɗawa.

'Yar Ƙwadago:
Malam, da girmamawa zan ja da kai domin gaskiya.
A 1939 rundunar soja ta tura shi Italiya,
Ya ga yadda Musolini, shugaban kama-karya na ƙasar, ya ɗaure ƙwadago da igiya,
Ya dawo yana yabon tsarin, bai ko ji kunya.
A zaɓen 1946, jam'iyyar kwaminis gaba ɗaya
Ta bi sahun masu adawa, ta juya masa baya.
A 1951 ya ƙwace jaridar La Prensa don ta ƙi biyayya,
Kuma a zamaninsa Eichmann, jami'in Nazi na Jamus, ya sami wurin ɓuya.
Gurguzu yana neman rushe masu jari ne gaba ɗaya,
Shi kuwa ya haɗa ubangida da bara ƙarƙashin sanda ɗaya.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, kun kawo hujja, amma zancen bai ƙare ba.
Musolini ya haramta jam'iyyun adawa a 1926, bai bar ko ɗaya ba,
Peron kuwa sau uku ya nemi ƙuri'a, bai taɓa faɗuwa ba,
Mata sun sami 'yancin zaɓe a 1947, aikin matarsa Evita bai ɓoyu ba.
"Matsayi na uku" ya kira tafarkinsa, bai bi Mosko ko Amurka ba.

Malamin Tarihi:
Baba, na ji, amma matasan Montoneros, 'yan tawaye masu ra'ayin gurguzu, me ya ja su?
Bayan sojoji sun hamɓarar da Peron, daga gudun hijira a Madrid ya dinga aika saƙo gare su
Da maganar "gurguzun ƙasa", har suka ba da jininsu.

'Yar Ƙwadago:
Malam, wannan ne ke ci mini rai idan na tuna su.
Bayan ya dawo mulki, ranar ma'aikata ta 1974, a dandalin Mayo, ya fuskance su,
Ya kira su wawaye marasa gemu, gaban jama'a ya tozarta su,
Ya yabi tsofaffin shugabannin ƙwadago, abokan gabarsu,
Suka juya suka fice daga dandalin da takaicinsu.
Wata biyu bayan haka ya rasu, ba tare da sulhu da su,
'Yan bindigar ministansa López Rega suka ci gaba da farautarsu.