Waɗanda suka taɓa sayen saba ta hannu suka ɗora mata Linux, a ba mu labari

Baban Ummi, Jega

Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Jega, kuma mai makarantar ya amince mu sayi saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke haɗuwa da ita) guda ɗaya wadda ɗalibai za su riƙa gwajin jarrabawa a kanta, domin tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, har yau muna da yaran da ba sa taɓa linzamin kwamfuta sai ranar jarrabawar. Kwamfutocinmu 40 ne. Kuɗin da aka ware ba zai kai ga sabuwa ba, shi ya sa na karkata ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin waɗanda ake jerawa a rak, wato akwatin ƙarfe mai hawa-hawa. An yi mini tayin Dell PowerEdge R710 da R720, da kuma HP ProLiant DL380 Gen9. Niyyata in ɗora manhajar Linux, sannan Moodle, manhajar shirya darussa da gwaji, a kai. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin wannan aiki da hannunsa ya faɗa mana abin da ya gani.

Injiniya Abu, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Shekara uku ke nan ina riƙe da R720, kuma darasin farko na same shi tun kafin in kunna ta. Na san faɗin rak inci 19 ne a ko'ina, na san 2U, girman wannan sabar, na nufin inci uku da rabi na tsayi, sai na ɗauka magana ta ƙare, ban tambayi zurfi ba. Akwatin da ke maƙale a bangon ofishinmu na kayan sadarwa ne, zurfinsa santimita 60, ita kuwa sabar tsawonta ya haura santimita 70. Ranar da aka sauke ta daga motar Legas muka cicciɓa mu biyu, muka tura, gindinta ya tokare, gabanta yana waje kamar harshen kare. Wata biyu ta yi a kan tebur kafin wani mai walda ya haɗa mana tsayayyen rak da ƙarfen kwana.

Abu na biyu, dillalin bai haɗo mini da ƙarafan da take zamewa a kansu ba, kuma gidajen faifai biyu kawai ya bari a cikin ramuka takwas. Kowanne sai da na saya daban. Saboda haka kafin ka tura kuɗi, ka sa a ɗauko maka bidiyonta a kunne, a nuna maka gidajen faifan, da na'urorin wuta guda biyu na bayanta, da shafin kula da ita daga nesa, wato iDRAC idan Dell ce ko iLO idan HP ce, domin a nan ne tarihin duk wata matsala da ta taɓa samu yake a rubuce.

Game da wuta, na auna tawa da mita, tana cin wajen wat 150 ko da ba ta aikin komai. A lissafa da awa 24, ya zama yunit 3.6 kullum. A kan sola da batir muke, don haka kafin shekara ta zagayo abin da na ƙara kashewa a batir ya zarce kuɗin sabar kanta.

Malama Hadiza, Argungu

Malam Baban Ummi, shawarata ka cire R710 daga lissafi. Na yi aiki da ita, na'ura ce mai juriya, amma ta 2009 ce, kuma cin wutarta bai dace da aikin da take yi ba a yanzu. Abin da ba zan manta da shi ba shi ne daren da na fara ɗora mata Debian, wani nau'in Linux. Na yi filash ɗina, komai yana tafiya, sai da aka zo wajen haɗa intanet manhajar ta ce ba ta iya tayar da katin sadarwa ba. Katin na Broadcom ne, yana buƙatar wata ƙaramar manhaja wadda a lokacin Debian ba ta sakawa a faifanta na hukuma saboda ba buɗaɗɗiya ba ce. Da waya na sauko da fayil ɗin, a tsaye a bakin taga inda sabis yake ɗan kamawa, na zuba a filash na biyu, sannan aiki ya ci gaba. Daga Debian 12, wadda ta fito a 2023, an fara haɗa waɗannan fayiloli a ciki, don haka kai ba za ka sha wannan wahalar ba.

Duk da ina son Debian, ga makaranta Ubuntu Server na fi ba da shawara, nau'in LTS, wanda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu kuma ake kula da shi shekara biyar. Dalilina shi ne wanda zai gaje ka. Malamin kwamfuta ba ya dawwama a makarantar kuɗi, kuma wanda zai zo bayanka ya fi saurin samun amsar matsalarsa idan Ubuntu ce.

Ɗan Yawuri

Ni zafi da ƙura kawai zan yi magana a kai. Waɗannan na'urori an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, alhali kowa ya san yadda Maris da Afrilu suke a Kebbi. Tamu tana ɗaki mai rufin kwano, wata rana da azahar fankokinta suka ɗauki ƙara har maƙwabcin shago ya leƙo yana tambaya ko injin markaɗe muka sayo, jim kaɗan ta kashe kanta. Da hunturu kuma duk mako biyu nake buɗe ta in hure ta da bulowa. Kada a ajiye ta a ɗakin da ɗalibai ke zaune, ba za su ji muryar malami ba.

Malam Nasiru, Zuru

Da izinin manya, ni ina da ja a kan tushen maganar. Ɗalibai 40 masu amsa tambayoyin zaɓi ba sa buƙatar furosesa biyu da ramukan RAM 24. Kwamfutar tebur mai Core i5 da RAM gigabait 16 da faifan SSD za ta ɗauke su, kuma ba ta cin ko kashi ɗaya cikin uku na wutar da Injiniya ya ambata.

Amma idan an dage sai ta rak, to a tambayi katin RAID da ke ciki, wato mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, kafin a zaɓi manhaja. Ni manhajar Proxmox na so ɗorawa da ZFS, tsarin ajiyar fayiloli wanda yake so ya ga kowane faifai kai tsaye, sai na tarar da katin H710 a cikin tawa, shi kuwa ba ya sakin faifai haka nan, dole na nemo wani katin. Katin H730 na Dell R730 da P440ar na Gen9 duk ana iya juya su su saki faifan daga cikin saitinsu. Wanda kuma zai bar RAID ɗin katin yadda yake, ya duba batirinsa. Nawa ya zo a mace, katin ya daina amfani da ma'ajiyarsa wajen rubutu, na kwana uku ina zargin Linux da nauyi alhali ba ruwanta.

Sai masu sha'awar dangin Red Hat, wani reshe na Linux. CentOS 7 ta ƙare a ranar 30 ga Yuni 2024, magadanta su ne Rocky Linux da AlmaLinux. Rocky 10 ba ta hawa furosesan R720, sai na R730 ko Gen9 zuwa sama.

Injiniya Abu, Birnin Kebbi

Malam Nasiru, lissafin wutarka daidai ne, ban musa ba. Sai dai ranar da na'urar wuta ɗaya ta ƙone a tawa, ta biyun ce ta riƙe aiki har aka tashi, ba wanda ya sani sai ni da na ga fitilar gabanta ta koma ruwan goro. Haka kuma daga gida nake kunna ta in kashe ta ta iDRAC. Kwamfutar tebur idan ta mutu ana tsakiyar gwaji, yara arba'in ne za su juyo su zuba wa Baban Ummi ido. Na manta kuma ban faɗa ba, a duba faifan da aka haɗo da su da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, domin ɗaya daga cikin nawa ya zo da awa sama da 40,000 na aiki, wato ya haura shekara huɗu da rabi yana juyawa.

Baban Ummi, Jega

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai wa mai makaranta maganganunku, musamman na wuta, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce ba za a bar ta a kunne dare da rana ba, daga ƙarfe takwas zuwa biyu kawai, kwana biyar a mako. Da wannan sharaɗi muka tsaya a kan Gen9, da SSD sababbi guda biyu masu kwafin juna, da Ubuntu Server 24.04. Tsohuwar kwamfutar ofis kuma za ta riƙe kwafin Moodle saboda ko-ta-kwana, kamar yadda maganar Malam Nasiru ta nuna. Na auna ƙaramin sito da ke bayan ɗakin, rak mai zurfin mita ɗaya zai shiga, amma taga ɗaya ce gare shi kuma tana kallon yamma. Ɗan Yawuri, bayan abin da ya faru da taku, na'urar sanyaya ɗaki kuka sa, ko fankar fitar da zafi ta wadatar?