Tudun ƙanƙarar unguwa ko dutsen Colorado? Don Allah a ba ni shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Kaina ya kulle. Shekararmu ta biyu ke nan a jihar Minnesota ta Amurka. Bara duk tsawon sanyi yaran suna ɗaki, daga makaranta sai talabijin, har Sadiq ya daina son fita ko masallaci. Malamar ajinsu ce ta ce mu gwada wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, akwai tudu minti 20 daga gidanmu. Na ɗauki kuɗin adashena, wanda da ma na ware don ankon bikin ƙanwata, bikin ma an ɗaga shi zuwa bayan Sallah, na yankar mana tikitin kaka guda mu uku, na sayi allunan zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa da takalmansu na hannu a Facebook. Ranar Asabar muka je. Ba mu yi minti 40 ba Hanifa ta fara kuka wai ƙafarta ta mutu. Sadiq ya faɗi ya fi sau goma, allo ɗaya yana ta fita da kansa, ɗayan kuma ko ya kifa ba ya sakin ƙafar. Yanzu abbansu ya ce na zubar da kuɗi, wai abokin aikinsa ya ce wannan tsibin ƙasa ne ba dutse ba, in ana so yara su iya sai jihar Colorado mai manyan duwatsu. Yana maganar jirgi a watan Maris. In haƙura da tudun ne?

Abban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bar tudun nan. Zamiya maimaici ce, ba tsawon dutse ba. A tudu mai tsayin mita 100 ko ƙasa da haka, yaro zai gangaro cikin minti ɗaya ko biyu, ya koma sama cikin 'yan mintuna, kafin awa ta cika ya yi sawu goma ko fiye. Ɗan koyo ko an kai shi Colorado, a gindin dutsen zai yini, a gangare irin wanda kika baro, alhali tikitin yini ɗaya a manyan wuraren can yana haura dala 250 lokacin hutu. Buck Hill da ke Burnsville, nan bakin titin I-35, tsayinsa bai kai mita 100 ba, kuma a nan Lindsey Vonn ta koya a hannun malaminta Erich Sailer, ita ce ta ci zinare a gasar Olympics ta Vancouver a 2010. Ga fitilu da daddare, a taso makaranta a je a yi awa biyu a dawo a ci tuwo. Sau biyu a mako daga Disamba zuwa Maris ya fi zuwa sau 20. Kwana huɗu a Colorado ba su kama ƙafar wannan ba.

Amma allunan Sadiq kada ya sake hawa su. Mariƙin da ke kama takalmi yana da lamba da ake kira DIN, ana saita ta ne da nauyin yaro, tsawonsa, shekarunsa, gwanintarsa da tsawon tafin takalmin. Wanda ke fita da kansa ya yi sako-sako. Wanda ba ya saki shi ne abin tsoro, domin in yaro ya faɗi allon ya murɗa, ƙwauri ne ke karyewa ko jijiyar gwiwa ta tsinke. Ki kai shagon kayan zamiya tare da takalman da yaron, su gwada da na'ura. In mariƙin ya tsufa da yawa ba za su taɓa shi ba, to wannan sai bola.

Maman Hanifa: Mai kayan ya ce 'ya'yansa sun yi shekara uku da su lafiya lau. Kuma ba arha na saye su ba.

Abban Khalifa: An saita su ne da nauyin 'ya'yansa, Hajiya, ba naki ba. Shekarun yaran nawa? Tsawon allon ya kamata ya tsaya tsakanin ƙirji da haɓa.

Maman Ilham: 'Yar'uwa, safa nawa kika sa wa Hanifa? Ɗaya ake sawa, doguwa, marar kauri, ta ulu. Biyu suna naɗewa su matse jini, ƙafa ta ƙara sanyi. Kada a cusa bakin wando cikin takalmi. Auduga kuma a bar ta gida, tana shan gumi ta daskare a jiki. Ki riƙa duba kumatu da kunne da kan hanci: a fatarmu alamar cin sanyi ba ja ba ce, wurin kan yi fari-fari kamar an shafa toka. In sanyi da iska suka kai digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin rabin awa. Sannan ina tambaya: kun san rukunin jinin yaran ta fannin sikila?

Maman Hanifa: Safa biyu na sa mata don takalmin ya yi mata yawa. Da gangan na sayi babba, ƙafarta na girma, ba zan riƙa saye duk shekara ba.

Baban Yusra: Ni ban yarda da Abban Khalifa gaba ɗaya ba. Dusar waɗannan tuddan yawanci ta inji ce, in an yini ana goge ta, da yamma sai ta koma kamar tangaran, ɗan koyo ya yi ta shan ƙasa. Launin da ke nuna wuyar hanyoyin gangare ma kowane wuri da ma'auninsa, baƙar hanya (mai wuya) a nan tana iya zama shuɗiya (matsakaiciya) a Colorado, yaro ya ɗauka ya iya alhali da saura. Shawarata ki sayar da kayan, ki karɓi hayar kaka guda a shago, in ƙafa ta girma a canza miki. Abin da ke ba ni haushi ma mutanenmu ne. A kawo yara ba hular kwano, a sauke su a bakin ƙofa a tafi kasuwa, in ka yi magana a ce ka zama Bature. Kuma duk shekara sai a ce za a haɗa kuɗi a ɗauki malami ɗaya ga yaran gaba ɗaya, har yau shiru.

Abban Khalifa: Dusa mai tauri ita ke koya wa yaro taka kaifin allo, shi ya sa 'yan tsere ke fitowa daga irin wuraren nan. A wasa kaifin a shago, a je da safe bayan an share gangaren, ko daren Talata, ba yammacin Asabar ba. Batun takalmi kuwa ba sassauci. Da santimita ake auna shi. In ta miƙe yatsu su ɗan taɓa gaba, in ta lanƙwasa gwiwa su ja baya, diddige kada ya ɗaga. Takalmi mai yawa, ƙafa ce ke juyawa a ciki, allon bai san an juya ba. Ki biya musu darasi uku a rukuni. Za su fara a shimfiɗar nan mai tafiya da kanta da ke kai 'yan koyo sama, su koyi tsayawa: kan alluna a haɗe, bayansu a buɗe, nauyi a gaba, ƙwauri yana danna harshen takalmi.

Ummu Aisha: Ban ga an yi maganar hijabi ba. Dogon hijabi ko gyale mai lilo haɗari ne a igiyar da ke jan mutane sama, har a kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa saman tudu ma yana maƙalewa. A sa ƙaramin da ke kama kai, a tura bakinsa cikin rigar sanyi, hular kwano a bisa. Igiyar tana cin safar hannu, a nemi ta fata. Kuma a yi alwala tun a gida, a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, La'asar da Magariba kusan a jere suke.

Maman Hanifa: Darasi kam ba yanzu ba, abbansu ya ce zai duba a YouTube ya nuna musu. Anti Maman Ilham, Sadiq AS ne, amma ai AS ba ciwo ba ne.

Maman Ilham: Haka ne, a rayuwar yau da kullum ba ciwo ba ne. Amma bisa dutse wani abu ne daban. A Colorado, garin Vail yana wajen mita 2,500 sama da teku, Breckenridge kusan 2,900, iskar shaƙa ta yi ƙaranci, kuma an san mai AS kan iya samun toshewar jini a saifa a irin wannan tsayi, musamman in ya wahala bai sha ruwa ba. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙasan haƙarƙari. Tuddan nan namu wajen mita 300 kawai suke. Ku ga likitansa kafin a yanki tikitin jirgi, don Allah.

Baban Yusra: Masu AS da yawa suna zuwa su dawo lafiya. A kwana a Denver, babban birnin Colorado, tukun, mita 1,600 ne, jiki ya saba.

Abban Khalifa: Hajiya, har yanzu ba ki faɗi shekarun yaran ba, da lambar da ke jikin takalmin Hanifa.

Maman Hanifa: Zan duba in na koma gida. Abbansu dai ya ce farashin jirgi zai tashi bayan Juma'a. In na cusa auduga a gaban takalmin, ba zai yi ba zuwa baɗi?