Ana neman Hausar “release clause”

Mai Labarin Wasanni:
Assalamu alaikum. Kasuwar 'yan wasa ta buɗe, kalmar nan ta “release clause” ta sake tasowa. A gidajen rediyo wani ya ce “farashin da aka gindaya masa”, wani ya ce “kuɗin barin ƙungiya”, wani kuma ya faɗe ta da Turanci ya yi gaba. Sauran matakan da ɗan ƙwallo ke bi duk muna da sunansu: makarantar horo, gwaji, sa hannu, zaman aro, sayarwa, ƙarewar kwantiragi, ritaya. Wannan ce ta ƙi zama. Ana son kalma gajeriya da za ta shiga kanun labari. Ni dai “kuɗin fansa” ne ya fi kwanta mini. Me masana suka gani?

Lauyan Kwantiragi:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a duba jaririn, domin tagwaye ne ake kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne wanda aka fi gani a Ingila da Jamus. Ana rubutawa a kwantiragi cewa duk ƙungiyar da ta taya kuɗi kaza, dole mai ɗan wasa ta amince ta bar shi ya tattauna da mai saye. Ciniki ne tsakanin ƙungiya da ƙungiya, sai dai an ɗaure bakin mai sayarwa tun farko. Haka Manchester City ta ɗauke Haaland daga Dortmund a 2022 kan yuro miliyan 60, alhali kowa ya san ya fi haka a kasuwa.

Na biyu na Sifaniya ne, kuma tushensa dokar ƙwadago ce ta 1985, mai lamba 1006. Dokar ta ba ɗan wasa ikon yanke kwantiraginsa da kansa in ya biya diyya. Idan ba a rubuta adadin diyyar ba, kotu ce za ta yanke, shi ya sa ƙungiyoyi ke rubutawa tun ranar sa hannu. A nan babu taya, babu ciniki. A takarda ɗan wasan ne ke biya, ko da kuɗin daga aljihun sabuwar ƙungiyar suka fito, kuma bisa al'ada ofishin La Liga ake kai su, a dunƙule. A Agustan 2017 lauyoyin Neymar sun kai yuro miliyan 222, La Liga ta ƙi karɓa, sai suka miƙa wa Barcelona kai tsaye. A Oktoban 2020 aka ajiye yuro miliyan 50 na Thomas Partey a ranar rufe kasuwa, Atletico Madrid ba ta da ta cewa, ya tafi Arsenal.

To wanne daga ciki muke wa suna?

Hajiya Mai Fassara:
Ko wanne ne, don Allah a ajiye “kuɗin fansa”. A ƙamus daidai ne, a kunnen mai sauraro a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari kuwa wani abu ne daban. Ka ce “an biya kuɗin fansar ɗan wasan Ghana yuro miliyan 50”, kafin ka kai ƙarshen jimla wani ya fara salati yana tambayar a wace hanya aka ɗauke shi. Kalmar ta riga ta tafi daji.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyar Hajiya. A wajenmu da Faransanci ake jin ta, “clause libératoire”, wato sharaɗin da ke 'yanta mutum. Ko za a ce “sharaɗin saki”? A Faransa ma dokar gasarsu ba ta yarda a sa irin wannan sharaɗi a kwantiragi ba, shi ya sa a labaran Sifaniya da Fotugal aka fi cin karo da shi.

Malamin Hausa:
Ɗan'uwa, “saki” kuma ai ya kai mu kotun alƙali. “Barcelona ta sa wa ɗan wasanta Pedri sharaɗin saki”, sai a tambaye ka ɗaya ne ko uku. Abin dariyar shi ne, in fiƙihu za a bi, na Sifaniya hul'i ne sak: wanda ke ƙarƙashin igiya ya mayar da dukiya ya karɓi kansa. Amma ba za mu ja kalmar shari'a zuwa filin ƙwallo ba.

“Fansa” kuwa kada a yar da ita gaba ɗaya. Abin da 'yan bindiga suka ɓata shi ne “kuɗin fansa”. “Fansar kai” tana nan da tsohuwar ma'anarta: a zamanin bauta, bawa ya tara dukiya ya biya ubangidansa adadin da aka yanke, ya zama ɗa. Kada a haɗa ta da murgu, shi murgu biya ne a kai a kai don a bar bawa ya yi sana'arsa, yana nan dai a hannun ubangida. Abin da Lauya ya kwatanta na Neymar fansar kai ne, ba ragi ba ƙari. “Neymar ya fanshi kansa daga Barcelona.” Babu Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani.

Tsohon Koci:
Allah gafarta Malam, na yarda da wannan a aikatau. Amma Mai Labari suna yake nema, na adadin da ke rubuce tun kafin a biya. Kuma yawancin 'yan wasa har su yi ritaya ba wanda ya taɓa wannan adadi nasu. A dubi hanyar Ahmed Musa. Daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, sai ƙungiyar JUTH, sai Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata, saboda dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin wannan shekarun, in ban da 'yan togaciya kaɗan. CSKA Moscow a 2012, Leicester a 2016, ya koma CSKA aro a Janairun 2018, Al Nassr a wannan shekarar, suka rabu a 2020, ya dawo Pillars a 2021 ba tare da an saye shi ba. A tafiya ɗaya ga sayarwa, ga aro, ga rabuwa bisa yardar juna, ga komawa kyauta. Duk kalmar da za mu zaɓa kada ta yi karo da ɗaya daga cikin waɗannan. “Kuɗin barin ƙungiya” a nan ta faɗi, don ba ta nuna wa ke biyan wa. Ɗan wasan da ƙungiya ta gaji da shi ta biya shi ragowar albashi ya tafi, shi ma ai kuɗin barin ƙungiya ya karɓa.

Hajiya Mai Fassara:
To mu koma kasuwa, tunda kasuwa muke kiranta. Ka taya bijimi a kara, mai shi ya ce “albarka”. Ka ƙara, ya ce “albarka”. Ka kai inda ransa yake, ya ce “na sallama”. Wannan sharaɗi ba komai ba ne illa adadin da in an kai shi, mai kaya ba shi da ikon cewa albarka. Farashin sallama ke nan. Ga kuma riba ta biyu: sallama ita ce dai kalmar da muke faɗa in an bar mutum ya tafi, an sallame shi daga asibiti, an sallami ɗalibai.

Tsohon Koci:
Hajiya, “kuɗin sallama” fa shi ne na ma'aikacin da ya bar aiki.

Hajiya Mai Fassara:
Shi ya sa na ce farashi, Koci, ban ce kuɗi ba. Kuɗin sallama ana ba wanda zai tafi. Farashin sallama ana biyan wanda za a bari. In mai karanta labarai ya kiyaye wannan kalma ɗaya, an wuce wurin.

Lauyan Kwantiragi:
Ta zauna, kuma tana ɗaukar sauran sassan sharaɗin ba tare da an yi mata ciko ba. Ga abubuwan da ake dubawa a irin wannan sakin layi na kwantiragi, ku gwada kalmar a kansu.

Adadi, da kuɗin wace ƙasa. Lokaci: wani farashin sallama ba ya aiki sai a bazara ta biyu ko ta uku, wani kuma yana da ranar mutuwa, in ta wuce sai wata shekara. Wa ya shafa: ana iya rubuta cewa na ƙungiyoyin waje ne kawai, don kada abokiyar hamayya ta gida ta amfana. Abin da ke tayar da shi: akwai wanda ba ya farkawa sai ƙungiya ta faɗi daga gasa, ko ta kasa samun gurbin gasar Zakarun Turai. Sai yadda za a biya. A nan ne mutane ke ruɗewa. Cinikin yau da kullum kashi-kashi ake biya, shekara uku, huɗu, biyar. Farashin sallama kuwa galibi a dunƙule ake nemansa. Shi ya sa a Janairun 2023 Chelsea ta yarda ta ba Benfica yuro miliyan 121 kan Enzo Fernandez, sama da miliyan 120 da ke rubuce, don a bar ta ta rarraba biyan.

Inda ake faɗawa rami shi ne lafazi. A 2013 Arsenal ta taya Luis Suarez fam miliyan 40 da fam ɗaya, tana ganin ta tsallake adadin da ke kwantiraginsa. Liverpool ta ce abin da aka rubuta bai tilasta mata sayarwa ba, sanar da ɗan wasan kawai ya wajabta mata. Suarez bai tafi ba sai a 2014, kuma Barcelona ya nufa. “Za a sanar da shi” daban, “za a tattauna” daban, “dole a amince” daban. Na ƙarshen ne kaɗai ya cancanci a kira shi farashin sallama. Sauran biyun sai a ce sharaɗin sanarwa.

Ɗan Damagaram:
To na Pedri da aka rubuta yuro biliyan 1 a 2021 fa? Ko na Messi miliyan 700? Wannan ai ba farashi ba ne, korar mai saye ce.

Malamin Hausa:
Ai a kasuwarmu ma akwai shi. Wanda ba ya son rabuwa da dokinsa ba ya cewa ba na sayarwa ba ne, sai ya yanka kuɗin da zai sa ka yi murmushi ka wuce. Sunansa farashi duk da haka. Kuma ba kullum yake kora ba: Athletic Bilbao da ba ta ɗaukar kowa sai 'yan yankin Basque, ba ta son sayarwa don maye gurbi na yi mata wuya, amma an biya yuro miliyan 40 an ɗauke Javi Martinez a 2012, an biya miliyan 80 an ɗauke Kepa a 2018. Barcelona ma sai da aka ɗauke mata Neymar ta koma rubuta biliyan.

Tsohon Koci:
Tunda an taru, a gyara wani abu da ya fi shafar yaranmu fiye da biliyan ɗin Pedri. Masu makarantun horo a Kano da Kaduna da Jos suna jin ana cewa akwai kason da FIFA ta ware musu, suna kiran komai “kamisho”. Ba la'ada ba ce, la'ada ta wakili ce. Abu biyu ne. Akwai diyyar horo, da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, da kuma duk sanda ya koma wata ƙasa kafin ya wuce shekara 23, ko da kwantiraginsa ya ƙare. Akwai kuma kashi 5 cikin 100 da ake cirewa daga kuɗin sayarwa a raba wa duk inda ya yi horo daga shekara 12 zuwa 23, wannan kuwa har ya tsufa yana ƙwallo ana cirewa. Ni “kason raino” nake kiran wannan na biyun.

Lissafinsa: daga 12 zuwa 15, kowace shekara kashi 0.25 na kuɗin sayarwar. Daga 16 zuwa 23, kowace shekara kashi 0.5. A ce yaro ya zauna a makaranta ɗaya daga 12 zuwa 17, ya tara kashi 2 ke nan. In wata rana aka sayar da shi yuro miliyan 10 daga Beljiyam zuwa Italiya, makarantar na da yuro 200,000. Abin da ke kashe wannan kuɗi shi ne rashin rajista. In ba a shigar da yaron a hukumar ƙwallo da sunan makarantar ba, shekarun nan za su fito fanko a fasfonsa na wasa, wato takardar da ke nuna ƙungiyoyin da aka yi masa rajista a cikinsu, kuma tun 2022 ofishin biya na FIFA da ke Faris da abin da ke rubuce yake aiki, ba da hoton yaro sanye da rigar makaranta ba. Sai kuma rage shekaru: an mayar da ɗan 19 ɗan 16, an goge shekarun da za a nemi haƙƙi a kansu da hannun mai haƙƙin.

Lauyan Kwantiragi:
“Kason raino” ya yi. A ƙara da cewa wanda ya tafi kyauta ba a samun wannan kaso a kansa, tunda babu kuɗin sayarwar da za a cira. Tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a Disambar 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai ke tafiya ba a biya ba, kuma in saura wata shida ya ƙare yana da ikon sa hannu da wata ƙungiya. Wannan ne ya sa ake yawan jin farashin sallama a lokacin sabunta kwantiragi: ƙungiya na tsoron ya tafi a banza, shi kuma yana tsoron a ɗaure shi shekara biyar, wadda ita ce iyakar da FIFA ta yarda, uku ga wanda bai kai 18 ba. Sai a haɗu a tsakiya, ya sa hannu, a bar masa ƙofa mai farashi.

Malamin Hausa:
Saura “aro” da nake da ja a kai. Aro kyauta ne a Hausa, abin da aka biya kuɗi aka karɓa na ɗan lokaci haya ne, kuma yawancin waɗannan akwai kuɗi a ciki.

Hajiya Mai Fassara:
Malam, wannan kam bakin alƙalami ya bushe. Shekara da shekaru ana cewa aro, kuma ba ɗan wasan da zai so a ce ɗan haya ne.

Mai Labarin Wasanni:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ga yadda za su fita a labaran yamma, a duba mini: “Chelsea ta biya farashin sallamar Kepa, yuro miliyan 80.” In kuma ana son nuna yadda aka yi a Sifaniya: “Kepa ya fanshi kansa daga Athletic Bilbao.”

Lauyan Kwantiragi:
Ta biyun ta fi daidai da abin da ya faru a takarda, ta farkon ta fi daidai da inda kuɗin suka fito. Ka sa ta farko a kanu, ta biyu a cikin labari. Kuma a ce “farashin sallamar Kepa”, kada a ce “farashin Kepa”, don na biyun kowa da nasa a teburin mai shayi.