"Gudun agogo" ko "bugu"? A zo mu tsayar da magana

Jama'a, musamman masu gyaran kwamfuta na titin Beirut da Farm Centre, ku matso kusa. Abin da Turawa ke kira clock speed na ga ana ta fassara shi da "gudun agogo". Ni dai bai kwanta min ba. Duk Bahaushen da ya ji haka zai ɗauka agogo ne ya yi gaba da lokaci. Alhali maganar ita ce sau nawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke bugawa a daƙiƙa guda. Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana yin 4.77 MHz, wato bugu miliyan 4.77 kowace daƙiƙa. Mu ce "yawan bugu" kawai, a taƙaice "bugu".

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan rage bugun. A 2000 Intel, kamfanin ƙera furosesa, ta fito da dabarar SpeedStep a furosesan Pentium III na laftof: mai 650 MHz, da zarar ka zare caja sai ya sauko 500. Ƙarfin wutar ma yana sauka, daga volt 1.6 zuwa 1.35, kuma a nan ribar take, don ɗan ragin ƙarfin wuta yana rage cin batir fiye da kima. AMD, wani kamfanin furosesa, ita ma ta yi nata, PowerNow!. Wannan na kira shi "sassauta bugu".

Wani babanmu a sana'ar ya ce min: "Yaro, ai jan linzami ne wannan." Baba, da girmanka, amma jan linzami na da nasa gurbin. Ka tuna Pentium 4 a zafin Afrilu, ƙurar hunturu ta toshe fanka, ka buɗe ka tarar da ita ta daskare jikin ƙarfen sanyaya kamar auduga, mashin yana ta jan ƙafa. Furosesa ne ya ji zafi ya ja da baya don kada ya ƙone. To wannan, na dole, shi ne jan linzami. Na batir kuwa tattali ne, da gangan ake yi.

Maɓallin Turbo da ke jikin kwamfutocin zamanin furosesa 386 da 486 ya fi ba ni dariya. An sa shi ne don a iya rage bugu, saboda tsofaffin wasanni da ke zabura a sabon mashin. Shi kam na bar wa malamanmu na Hausa a BUK su raɗa masa suna.