Ranar da Akwati Ya Kori Allo

Malamin Gangare:
Salamu alaikum, 'yan zaure. Ni zan buɗe fage yau kan rufe makarantu saboda zaɓe, amsa-amona "ba". Wanda zai amsa ya zo da nasa.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Wanda bai so bawa ya zauna jahili ba.

Salati ga Manzo da ya ce a nemi sani,
Bai ware mace ko ɗan talaka ba.

Zaɓe in ya matso sai a ce mu tashi,
Wai ajin na hukuma ne, ba namu ba.

Akwati ya shigo, allo ya koma lungu,
Ba a tambayi mai alli ko ya yarda ba.

Ran Asabar ne ake jefa ƙuri'a,
To don me Juma'a ba a yi darasi ba?

Litinin mu dawo mu tarar da shara,
Benci ya karye, ba a ce a yi haƙuri ba.

Takardar sakamako na manne a bango,
Ta yaranmu kuwa ba a taɓa tambaya ba.

Mai neman mulki ya san ƙofarmu ran nan,
Duk lungun Gangare bai ɓata hanya ba.

Kujerarsa na gidan gwamna a Rayfield ko tana Abuja,
Ɗalibina bai samu ta zama ba.

Ɗan Naraguta:
Malam, Allah ya ƙara basira. Amma naka mai sauƙi ne. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Muna dawowa muna ƙoƙarin kamo abin da ya wuce, sai hukumar jami'o'i ta ce a rufe daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris na 2023 saboda zaɓe. Zaɓen gwamnoni kuma aka ɗage shi daga 11 zuwa 18 ga Maris.

Malam, kukanka na yini guda ne,
Namu na mako har uku ne,
Bayan wata takwas da muka sha a zaune,
Ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa tana neman gogewa.

Suka ce mu tafi don tsaron lafiya,
Muka ɗaure kaya muka kama hanya,
Tsohon kuɗi an ƙi, sabo ya ɓuya,
A tashar Titin Bauchi muka sha tsayuwa.

Malamanmu ne ke tattara ƙuri'a,
Farfesa ke karanta wa jama'a,
Lakca ta tsaya, an samu sabuwar sana'a,
Digirin shekara huɗu ya ƙi ƙarewa.

Ranar komawa ta zo ta same mu,
Zaɓen gwamna na nan gaba, ya bar mu,
To hutun nan wa ya amfana cikinmu?
A amsa mini, ban da kewayawa.

Uwar Biyu ta Rikkos:
Ɗana na Naraguta, a 2008 kana rarrafe ko kana goye. Ran Alhamis 27 ga Nuwamba aka yi zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wayewar Juma'a gari ya kama da wuta, ɗaruruwan mutane suka tafi. Ni ina nan.

Ɗana, akwai ƙuruciya a zancenka,
Wanda ya ga Jos ran nan ba ya son a tuna.

Alhamis aka jefa ƙuri'a lafiya,
Juma'a hayaƙi ya rufe mana rana.

Wutar ba ta tambayi sunan kowa ba,
Ta ci gidan Bulus, ta ci na Amina.

Akwai uwar da ta sallami ɗa da safe,
Har yau tana jiran ya dawo ya kwana.

Darasi in ya wuce a rama shi gobe,
Rai in ya fita wa zai rama shi, ɗana?

A rufe, a sa kwaɗo, a ba ni makulli,
In ƙura ta lafa ni zan kai 'ya'yana.

Amma Malam, tun da kai ka buɗe fage,
Ka tsaya ka ji inda yake kukana.

Kwanakin da ƙofa ke buɗe nake tuhuma,
Yaro aji biyar ya kasa rubuta sunana.

Mai Keke na Farin Gada:
Hajiya, kin gama magana. Ni ba ni da dogon karatu, amma ina jin rediyo. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin 33,000 suka faɗi.

Hajiya ta taɓo inda ke mana miki,
Malam, kar ka ji haushi, yau ba ni da birki.
Kaduna ta gwada malamai a bakin aiki,
Tambayar 'yan aji huɗu ta ba su mamaki.
In aka kawo ta Filato, wa zai buɗe baki?
Wani ya zo ya sa hannu ya fice daga ɗaki,
Ya nufi kasuwar Taminus sayar da atamfa da siliki.
A kekena nake kai su, ba a kan doki,
Ran zaɓe kaɗai ne duk muke hutun aiki.

Malamin Gangare:
To, da amsa-amonka zan rama, don kada ka ce na gudu.

Taka birki, ɗan'uwa, ka ji sirrin aiki,
Yara sun fi ɗari, ni kaɗai a ɗaki.
Wasu kan taga, wasu kan buhun taki,
Na baya ba sa jin abin da ke fita a baki.
Alli da kuɗina nake saye, ba ni da banki,
Albashi ya ƙare tun wata bai kai tsakiya ba, kaki-kaki.
Ka ce akwai dolo cikinmu, ban yi mamaki,
Amma tambayi wa ya rubuto a ba shi aiki.
Kansila ya kawo suna, ciyaman ya miƙa saƙo a ɗaki,
Hannun da ya kawo akwati shi ya cusa mana jaki.
In ka gan ni a Taminus bayan an tashi aiki,
Tuwon dare nake nema, ba na zuwa biki.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ku yi haƙuri da tsoho, hannuna ba ya sauri a waya, jikata ce ke buga mini. Na fara riƙe alli kafin UPE ta 1976, wato shirin ba kowane yaro ilimin firamare. Ga masu son sani: dokar ilimin bai-ɗaya, UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita, shi ya sa in can ta yi tari, aji ke kamuwa da mura.

Ku sassauta, 'ya'yana, ku bar hayaniya,
Mai keke da mai alli duk kun faɗi gaskiya,
Ni na riƙe rajista tun kan ku zo duniya,
Na ga makarantar gwamnati tana da lafiya,
Ɗan sarki da ɗan maƙeri aji guda suka fara.

Sufeto kan faɗo mana babu sanarwa,
Ya buɗe littafin shirin darasi yana dubawa,
Ya tsai da yaro ya karanta, yana saurarawa,
In yaro ya kasa, malam ke amsawa,
Yau mai leƙowa sai mai neman ƙuri'ar iyayen yara.

Da UPE ta zo aka buɗe ƙofofi duka,
Yara suka kwararo, azuzuwa suka cika,
Malamai ba su isa ba, aka shiga ɗauka,
Horo na gaggawa, bai nuna ba a tsinka,
Tun nan katanga ta tsage, har yau ana jiran gyara.

Doka ta ware kuɗi a Abuja, ta rubuta,
Jiha ta kawo nata, sannan a ba ta,
Sau nawa jihohi suka bar su can suka manta,
Alhali iska ta yaye rufin makaranta?
Kuɗin kamfe kuwa dare guda ya isa a tara.

Ran da manya suka kwashe 'ya'yansu,
Wasu sai ta kuɗi, wasu Ingila ta karɓe su,
Ran nan makarantarmu ta fita daga ransu,
Hunturun Jos ta karyayyar taga ba ya taɓa su,
Sai a shafa fenti a gaba, baya kuwa tulin shara.

Ni hutun zaɓe bai hana ni barci ba,
Yini guda bai taɓa mai da gwani dolo ba,
Makarantar da aka wuni ba a koyi komai ba,
Ita ce a rufe, ko ba a sa mata kwaɗo ba,
Waɗannan kwanaki za ku ƙirga in za ku kai ƙara.

'Yar Hidimar Ƙasa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni na yi aikin zaɓe a 2019, shekarar da aka ɗage na shugaban ƙasa cikin dare, daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. A wata firamare aka tara mu da kayan aiki, ba zan faɗi sunanta ba.

Ni na kwana a ajin da kuke faɗa,
Daren zaɓe, da kakina, a ƙasa.

Ba wuta, ba ruwa, bayi ya toshe,
Ƙofa ba sakata, sai dutse muka sa.

Can tsakar dare aka ce an ɗage,
Muka naɗe tabarma, kowa da haushinsa.

Na'urar zaɓe ta zo da cajinta,
Allo ya koɗe, ba a ganin rubutunsa.

Ni da na kwana ina ta Allah-wadai,
Yaron Malam shekara shida zai yi cikinsa.

Mako ya zagayo aka zo aka yi layi,
Wani saurayi ya kasa gano sunansa.

Ya ce a nan ya gama aji shida,
Sai da na bi rajista na nuna masa hotonsa.

Ya dangwala yatsa ya tafi abinsa,
Ban san wa ya zaɓa ba, ko shi ya san zaɓinsa?

Ɗan Gwagwalada:
Mutanen Jos, ku ba baƙo wuri. A 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki daga Maris har Yuli, saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi ba.

Ba zaɓe, ba rikici, ba annoba,
Firamare a garƙame kan batun albashi.

Daga Maris har Yuli yara na talla,
Malamai na gida suna fama da bashi.

Tafiyar awa guda ce zuwa fadar ƙasa,
Sai da wata uku ya wuce aka ji nishi.

Da zaɓe aka ɗage tsawon wata uku,
Da duniya ta ji, da an ga masu kishi.

Ɗan Naraguta:
Mama ta Rikkos, na ji, ban yi musu da abin da idonki ya gani ba. Amma ban janye ba. In tsoro ne ke rufe makaranta, to tsoron za a yi wa magani.

Mama, na rusuna, maganarki na ɗauka,
Amma in duk zaɓe sai an kulle ɗakunan duka,
Mun yarda ke nan ƙuri'a sai da duka,
Mu gadar wa ƙannenmu gudu da ɓuya da tsorata da fargabar fitowa.

A sa zaɓe cikin hutu, ai akwai kalanda,
A kafa rumfa a fili ko a baranda,
Mai son kujera ya kawo ɗansa, mu shaida,
Ya zauna ajin Malam, mu ga saurin gyarawa.

Uwar Biyu ta Rikkos:
Baitinka na farko layin ƙarshe ya yi tsawo, ɗana, numfashina ya ƙare kafin in kai. Na biyun kuwa na sa hannu.

Rumfa a fili na yarda da ita,
In dai akwai tsaro har faɗuwar rana.

Batun ɗan mai kujera a ajin Malam,
Su za su yi dokar, ka ga inda gizo ke saƙa, ɗana.

Ni dai wanda ya zo ƙofata da atamfa,
Sai ya bi ni mu je ya ga ajin 'ya'yana.

Mai Keke na Farin Gada:
Hajiya, in za ku je ku kira ni, ke kyauta, shi kuɗin mutum huɗu.

Malam ya rama, na ji, na kama baki,
Amma na Taminus ɗin nan ban cire shi a lissafin aiki.
Mai zuwa tun ƙarfe goma ba tuwon dare yake wa ɗoki,
Baba, kai ka yi hedimasta, ka raba mu, ka sa baki:
Wanda ya gudu da wanda ya turo shi, wa za a fara kora daga aiki?

Fasinja ya tsai da ni, zan leƙo bayan la'asar. Wanda zai amsa ya amsa da "ki", ban yarda a sauya ba.