Shawarwarin Maharba Kan Leƙen Daji

A hirar wasu maharba mazauna Agege a Legas da ke komawa Arewa farauta, shawara ta fi karkata ga leƙen daji tun kafin a ɗauki makami. Rani ya fi, domin ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, gwanki da mugun dawa dole su zo mashaya. A je da asuba a duba sawu da ɗanyen kashi, kuma a tunkari iska, kada ta kai wa naman warin mutum. Wannan a ganina shi ne gishirin maganar.

Wani dattijo ya ce a nemi Sarkin Dawan yankin da takardar izinin hukuma. Gandun dajin Yankari a Bauchi kuwa an haramta farauta a cikinsa, giwa ma doka ta kare ta.